Ƙarfen Jirgin da Na Kawo Gida

Ban tsani Malam Sani ba, Allah ne shaida. Kawai dai tun da ya fara bin wasu Turawa kan duwatsu neman tarkacen jiragen soja da suka faɗi lokacin yaƙin duniya, hirar shayinmu ta titin High Point Road, a nan ƙasar waje da muke zaune, ta koma tasa. Hotuna kawai yake nunawa, amma kowa baki buɗe. Har matata cewa ta yi, "Malam Sani akwai zuciya."

Zuciya? A hoto? Na lallaɓa shi ya tafi da ni. Yana ta fama da kyamararsa, na faki idonsa na cusa wani lanƙwasasshen ƙarfe a jaka. Mai hoto da mai ƙarfe ai ba ɗaya ba ne.

Na tara jama'a a gidana a unguwar Glenwood, na ɗora ƙarfen a faranti a lulluɓe, na yaye ƙyallen, ina jiran tafi.

Malam Sani ya ajiye kofinsa. "Alhaji, mutane fa suka mutu a wurin nan. Kabari ne. Ko ƙusa ba a ɗauka."

Matata ta dafe ƙirji. "Abin nan ka ajiye mana a ƙarƙashin gado?"

Haka na sake hawa dutsen ina haki, na mayar. Shi ya raka ni, ya kuma ɗauke ni hoto. Hoton nan ma sai da aka yaba masa.

Har yau in na doso wurin shayi, sai wani ya ce, "A ɓoye cokula, ga Alhaji Jari Bola nan."