Ranar da Sarkin Pawa Ya Kasa Tsayawa

Masha Allahu, a zamanin da Sakkwato ke aiko da jakadu, Talata Mafara ba ta yi mutum mai nauyi kamar Sarkin Pawa Maiwada ba. Nauyin magana, in ji shi. Nauyin tumbi, in ji jakinsa. In ya zauna a rumfa, sai an sami ƙarti sun kama hannu kafin ya miƙe. Mahauta na kiransa Kafaffe, shi kuwa yana zaton kirari ne.

"Ni in na tsaya, na tsaya," haka yake cewa. "Babu abin da ka motsa ni cikin ƙasag ga."

Wata Talata jakada ya sauka, aka ce a yanka masa sa. Sambo Bafillace ya koro wani bajimi daga Dakko, doronsa kamar rumbu. Da suka iso tudun kasuwa sai bajimin ya toge. Aka tura, aka ja, ko gezau.

"Ya gan ni ne," in ji Maiwada. "Ku kwance igiyar ƙahwa. Ku ɗaura ta ƙaho ga ƙuguna, baƙo shi ga aiki."

"Ranka shi daɗe, bajimin ga ba shi son kiɗi," in ji Sambo, ganin makaɗa sun matso.

"A buga kalangu!"

Aka ɗaura, aka buga. Bajimi ya zabura ya bi gangare. Igiya ta miƙe, Kafaffe ya kafe, har tsawon atishawa guda. Daga nan ya yi taku, ya ƙara, sai ga Sarkin Pawa yana gudun da rabonsa da shi tun yana yaro.

Tsakiyar gangare igiya ta tsinke. Bajimi ya karkata ya nufi fadama abinsa. Maiwada ya ba ƙafafunsa umarni su tsaya. Ƙafafu suka yarda, tumbi ya ƙi. Abin da ya yi wuyar tasarwa ashe ya fi wuyar tsayarwa.

"Ku tare ni! Ni na ce ku tare ni!"

Jama'a suka dubi girman abin da ke tafe, suka buɗe masa hanya cikin ladabi. Ya ratsa masu daddawa, ya bi ta kan ƙoren nono, hula ta tsaya a baya, shi bai tsaya ba. A ƙarshen gangaren kuwa marina ce. Tsundum!

Da ƙyar marina suka zaro shi daga ramin baba, yana ɗiga shuɗi. Jakada ya iso yana danne dariya da bakin rawani. Maiwada ya tofar da ruwa ya gyara murya.

"Da gangan na biyo. Na zaka duba aikin marina."

Yari, babban marini, ya zagaya shi a hankali, ya ɗaga masa haɓa wajen haske, ya duƙa gaban jakada.

"Allah shi taimake ka, ƙeya ba ta kama ba. A sake tsoma shi?"