Ɗamarar Hauke da Sashe na Arba'in

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Majalisar Dattawan Ƙungiyar Ɗalibai ta Elmaria, Dakta Ekkehard Brausewetter, uban kundi, wanda ko waƙafi bai taɓa ɓacewa a hannunsa ba.

Bayan gaisuwa daga tazarar mita ɗaya da rabi, da fatan annobar nan ba ta san lambar gidanka ba.

Ranka ya daɗe, takardarka ta iso. Ka tuna mana sashe na tara na kundin dokokin ƙungiya: idan zangon karatu ya ƙare cikakkun 'yan ƙungiya masu karatu ba su kai uku ba, a naɗe tuta, a rufe gidan ƙungiya. Mun gode da tuni. Tun da Benedikt ya gama digiri saura ni da Jost, kuma zango zai ƙare ran Juma'a. Na ukunmu yana nan cikin gida, Hauke, ya cika shekararsa ta gwaji, ya haddace waƙoƙinmu sittin. Abin da ya rage kawai shi ne in rataya masa ɗamararmu mai launi uku a gaban dattijo ɗaya. Dattawa ɗari biyu da sha ɗaya gare mu, wato tsofaffin ɗalibanmu, hukuma kuma ta yarda da baƙo guda a kowane gida, amma tsoron annoba ya hana ko ɗayansu shigowa. Ga 'yan ƙorafe-ƙorafena, cikin ladabi.

Na ɗaya. Mun roƙa a yi bikin ta bidiyo, ka ce hoto ba mutum ba ne. Gaskiyarka. A taron da muka gwada, awa biyu muna fuskantar cikin hancinka da fitilar rufin ɗakinka. Da aka ɗauko taken ƙungiya, dattawa arba'in kowa ya kama baitinsa, wani na farawa wani na rufewa, Jost ya ce, "Ɗan'uwa, wannan waƙa ce ko kasuwar shanu?" Kuma ka manta ba ka kashe makirufo ba, don haka duk mun ji Uwargida tana cewa, "Ekkehard, cire wannan hular ka zo miya ta huce." Muna gaishe ta.

Na biyu. Dattijo Lüders, Allah ya saka masa, mai shekara tamanin da uku, ya tako da sandarsa ya tsaya a lambu cikin ƙanƙara, yana leƙenmu ta taga a buɗe. Na rataya wa Hauke ɗamara, muka yi tafi, shi har da ƙwalla. Bayan kwana huɗu ka rubuto cewa kundi ya ce "a cikin zaure", lambu kuwa ba zaure ba ne, a cire. To, mun cire. Ka taɓa cire wa mutum abu daga kafaɗa yana kallonka, ranka ya daɗe? Ni dai na yi, kuma na ji kunyar da ban taɓa ji ba.

Na uku. Wace ce Elmaria a wurinka? Kundin ne ko mutanen? Hauke ya zo garin nan daga wani tsibiri bai san kowa ba, bai taɓa ganin ajinsa ba sai a allon kwamfuta. Mu ne masu buga wa dattawanka waya kowace Laraba mu ji lafiyarsu, shi ne mai kai wa bakwai daga cikinsu burodi da magani a keke, yana ajiyewa a bakin ƙofa. Burodinsa ya halatta, kafaɗarsa ce ba ta kai ba? Jiya ya ce mini, "Tilman, in ba sa so na su faɗa mana, in koma wurin shanun babana." Wallahi maganar ta tsaya mini a rai. Shekara ɗari da hamsin ƙungiyar nan ta yi, ta ga yaƙi biyu, ba na so a ce a hannuna ta mutu da mutum na uku tsaye a kicin yana wanke kofuna.

Sai dai tarbiyyarka ta kama ni, na zauna na karance kundin kaf. Ashe akwai sashe na arba'in! Ya ce ba a rufe gida sai Shugaban Dattawa da kansa ya shiga zaure, ya naɗe tuta da hannunsa, ya karɓi makulli hannu da hannu. Ba ta gidan waya ba, ba ta bidiyo ba. Lambu kuwa, kamar yadda ka koya mana, ba zaure ba ne.

Saboda haka muna jiranka ran Juma'a da ƙarfe huɗu. Mun goge ƙasa, mun buɗe tagogi, mun tanadi takunkumin fuska sabo fil. In ba ka zo ba, gida bai rufu ba. In kuwa ka zo, da ƙafarka ta taka zaure za ka tarar da Hauke tsaye a gabanka, ni kuma da ɗamara a hannu. Kada ka wahalar da kanka da jawabi, kallo kawai kundi ya nema.

Naka mai biyayya har ga waƙafi na ƙarshe,

Tilman Rehbein,
Shugaban mutum biyu, zuwa Juma'a.