Rasuwar Dattijo, Allon Kwamfutar Shagon Tela

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da idanun da suka yi ja saboda leƙen duhu, Tela na shagon ƙasan bene, a madadin mahaifiyarsa Inna da ƙanwarsa Auta, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar allon kwamfutarsa, wanda kowa ya fi sani da Dattijo. Ya cika ranar Talata gab da tsakar rana, a kan teburinsa, tsakanin keken ɗinki da dutsen guga, yana tsaka da aiki.

Marigayin ya zo gidan nan da shekarunsa, na hannu ne, da ɗan tabo a kusurwar hagu. Shekara takwas bai ɗaga wa kowa murya ba. In an kunna shi sai ya ce "ƙit", ya yi jim kamar mai tunani, sannan ya buɗe fuska. Tela bai yi nisa a boko ba, amma a gaban Dattijo ya koyi fitar da wuyan riga iri-iri, kuma ko sau goma ya maimaita kallon abu ɗaya, marigayin bai taɓa gajiya da shi ba.

Ciwon ajalin ya faro wata biyu da suka wuce. Fuskar ta riƙa ƙyaftawa, gefe guda ya dushe, wani lokaci a ji "ziiii" siriri daga bayansa. Tela yakan ɗan daki ƙeyarsa a hankali, sai ya farfaɗo. Ya ɗauka tsufa ne kawai.

Ranar Talatar Auta ce zaune a gabansa, tana cike takardar neman shiga makarantar koyon jinya, wadda za a rufe karɓa ƙarfe sha biyun rana. Sai da safen nan aka sa mata hannu a takarda ta ƙarshe. Bara ta makara, bana kuwa in damar ta wuce ta, shekarunta sun haura ƙa'ida. Hotunan takardunta duk suna cikin kwamfutar, shafin makarantar na intanet kuma ba ya buɗuwa daidai a waya. Sha ɗaya da kwata, saura shafi biyu, Dattijo ya ce "ƙit", ya yi baƙi ƙirin.

Auta ta ɗaga hannuwa sama ta kasa sauke su. Tela ya zare wayar bayan allon, ya hura, ya mayar. Shiru. Ga ƙaramar fitilar ƙasa tana ci, ga fankar akwatin kwamfuta tana juyawa, amma fuska babu. Ya aro allon maƙwabci, bakin wayarsa ya ƙi shiga. Nan ya haye bene da tef ɗin awo a wuya, ya sauko da Mai Gyara na shagon sama, mutumin da ko gobara ake sai ya gama ɗaure takalmi.

Sha biyu saura ashirin da biyar Mai Gyara ya shigo. Ya ga Tela ya miƙa yatsa zai kashe kwamfutar ya sake kunnawa, ya buge masa hannu, ya ce in ya taɓa, duk abin da yarinyar nan ta rubuta ya bi ruwa. Ya sa aka rufe ƙofa, aka rataya yadin wani a taga. Ya kunna fitilar wayarsa, ya manna ta da gilashin a karkace. Sai ga rubutu can ciki, dishi-dishi, kamar tsabar da ta faɗa rijiya. Sunan Auta na nan. Ya ce hankalin Dattijo bai gushe ba, fitilun da ke bayan gilashi ne suka mutu.

Haka aka ƙarasa. Tela ya riƙe fitila, hannun da ke zura zare a allura ba kuskure yana karkarwa. Auta ta kai hanci dab da gilashi. Kibiyar linzami ta ɓace, aka bi ta lungu-lungu har aka kamo. Mai Gyara yana ta ƙirga mintuna da ƙarfi, sai da Auta ta roƙe shi don girman Allah ya haɗiye agogonsa. Saura minti uku ta danna maɓallin aikawa. Wani ɗan zobe ya yi ta juyawa a cikin duhu, ba mai numfashi. Sannan layi ɗaya ya fito: an karɓa.

Da Mai Gyara ya buɗe bayan Dattijo, ya tarar zafi ya cinye fitilun, wasu 'yan gwangwanaye sun kumbura, kuma an daina yin irin kayansa. Ya ɗaga rigar ulu mai kauri da Inna ta saƙa wa marigayin don kada ya yi datti, wadda ta toshe duk kafofin shan iskarsa shekara uku, ya dubi Tela, Tela ya dubi ƙasa.

Marigayin ya bar akwatin kwamfuta, da allon haruffa mai haƙori ɗaya a karye, da linzami, da wayoyi biyu marayu.

Ana karɓar gaisuwa a shago, a zauna kan benci, ban da kan yadin mutane. Ana roƙon masu zuwa kada kowa ya ta da zancen riga a gaban Inna, ita a saninta tsufa ne ya kashe shi. A cikin rigar za a naɗe shi a miƙa wa masu sayen tsofaffin ƙarafa. Sai dai ba za a fitar da shi ba tukuna. Auta ta ce a fuskarsa ta aika, a fuskarsa za ta duba sunanta ranar da sakamako ya fito. Duk mai tocila mai haske sosai, a taimaka a zo da ita ran nan, da wanda hannunsa ba ya rawa.