Fatoman da Bai Motsa Ba

Ba zan taɓa mantawa ba da yammacin da na kai wasana majalisar 'yan dara ta Unguwar Dosa. Har yau idan na tuna sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Lokacin ina sabon malamin tarihi a wata sakandare a Kawo, ƙarshen shekarun tamanin, ina ji da kaina ba kaɗan ba. Na lura ɗalibaina sun fi son ludo a kan darasi, sai na ƙirƙiro wasa na sa masa suna Fatake. Na zana hanyar Kano zuwa Gwanja a bayan kwalin sabulu. Kowa zai zaɓi wanda zai zama: madugu, ko mai jaki, ko ɗan fashi, ko fatoma, wato mai masaukin baƙi. Ƙwallon dabino ne dukiya, wanda ya fara tara ashirin ya ci. Dokoki kuwa sun cika littafin rubutu guda (har da abin da za a yi idan jaki ya tubure a bakin kogi). A tunanina yawan doka shi ne zurfin wasa.

Wata shida ina gwada shi da ɗalibaina da mai ɗakina, Habiba. Kullum ni ne madugu, kuma kusan kullum ni ke ci. Ban taɓa tambayar kaina dalili ba.

Kawuna, Alhaji Sule, yana da ƙaramar maɗaba'a. Ya ce zai buga mini wasan a kai makarantu, amma sai abokinsa Baba Tanko ya gwada ya ce ya yi. Baba Tanko tsohon direban jirgin ƙasa ne, kuma a dara ba a kai bayansa ƙasa a unguwar. Ni kuwa har na fara hango sunana a jikin kwali.

Bayan la'asar na shimfiɗa kwalina a tabarma, mutane suka kewaye. Na karanto dokoki tiryan-tiryan, Baba Tanko yana cin goronsa. Da na gama ya ce, "Ɗana, shi fatoman nan dole ne ya yi tafiya?"

"A'a, Baba, yana masaukinsa."

"Duk wanda ya ratsa sai ya ba shi dabino?"

"Biyu, Baba."

"Ɗan fashi fa?"

Na gyara zama irin na malamai. "Ba ya taɓa shi. Fatake ba su yarda a taɓa mai masauki ba."

"To, shi nake so."

Wallahi tausayinsa na ji. Na ce a raina tsufa ya sa ya zaɓi hutu.

Muka fara. Ni da Kawu da wani tela muna ta jefa ƙwayar ludo, muna haye koguna, telan, da yake shi ne ɗan fashi, yana tare mu muna komawa baya. Duk komawa kuma sai mun sake ratsa masauki. Baba Tanko bai taɓa ƙwayar ba ko sau ɗaya, tafin hannu kawai yake miƙowa. Kafin in hango Gwanja ya ci. Muka sake, ya ci. A karo na uku ina ta buɗe littafina ina neman dokar da za ta cece ni, gumi yana ɗiga a kan rubutun.

Da na yi shiru da ya fi. Amma sai na ji bakina ya ce, "Baba, sa'a ce."

"Sa'a, alhali ban jefa komai ba?"

Majalisa ta tuntsure da dariya. Kawu ya juya yana kallon titi.

Baba Tanko ya mayar mini da dabinona cikin hannu, ya rage murya. "Tafiyar tana da daɗi, ɗana, har na so in bi ku. Amma a dara ko ni ina tsoron a cinye ni. Fatomanka ba ya tsoron komai. Ka ba shi abin tsoro, ka dawo."

Kawu bai buga mini wasan a maɗaba'arsa ba, kuma ban ga laifinsa ba. Na ji ciwo sosai.

A gida na ba Habiba labari ina jiran jaje. Ko ɗagowa ba ta yi daga tsintar shinkafa ba.

"Fatoma? Ai tun satin farko muka gano, Malam. Shi ya sa ba wanda ke ɗaukarsa."

"Me ya hana ku faɗa?"

"Ɗalibi ya cinye malaminsa yana zaune? Ni kuma na ga yadda kake murna."

Tun daga ranar, duk abin da na ƙirƙiro, wurin wanda ba ya jin nauyina nake fara kaiwa. Masu ƙaunata sai an gama gyara.