Yadda Ake Cin Kek ɗin Suruki Ba Tare da Ƙarya Ba

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya halicci alkama mai laushi, Ya bar sauran aikin a hannun bayinSa. Tsira da aminci su tabbata ga Fiyayyen Halitta.

Bayan haka, ya kai wanda mijin 'yarsa ke tura keken kek a unguwa, ga hanya tabbatacciya da za ta tsare maka harshe daga ƙarya, ta tsare zumunci daga tsinkewa. Wani tsohon tela ne ya jarraba ta, alhali haƙorin tauna ɗaya ya rage masa a duniya.

1. Karɓa da hannu biyu

Kowace safiya surukin telan yakan tsayar da keke a ƙofar shagonsa, ya buɗe akwatin gilashi, ya durƙusa. "Baba, naka na musamman ne. Na bar shi ya fi sauran daɗewa a wuta, don girmamawa." Ka yi murmushi. Girmamawa ba ta da laifi, ko da ta ƙone.

2. Jinkirta cizo

Yi bismilla a natse. Tambayi lafiyar iyali, kowa da sunansa, har da tayoyin keken. Mai haƙuri yakan dace wani mai saye ya kira surukin. Tela bai dace ba, don ba mai saye.

3. Yabi abin da ya cancanci yabo

Idan ya ce, "Baba, ya ka ji shi?" kada ka ce da daɗi, mala'iku suna rubutawa. Tela ya ce, "Kai, yaro, wannan takardar naɗin ina ka same ta? Ga tsabta!" Surukin ya tafi yana tsalle, washegari ya kawo biyu.

4. Kada ka yi sadaka da shi

Abin da ba ka iya ci, ba a neman lada da shi. Tela ya miƙa wa jikarsa, ta ƙwanƙwasa shi a kan teburin ɗinki ta ce, "Kaka, na danne maka yadi da shi?"

5. Miƙa wuya

Ranar da surukin ya zauna ya ce sai ya ga an ci, Tela ya rufe ido ya gatsa. Aka ji ƙas! Haƙorin ya faɗo a tafin hannunsa. Ya dube shi, farin ciki ya lulluɓe shi, ya miƙe yana hamdala. "Yaro, ka gani da idonka! Yanzu ba ni da abin tauna, kuma wallahi gaskiya na faɗa!"

Surukin ya share hawaye. "Kada ka damu, Baba. Daga gobe zan riƙa daka maka shi a turmi."

Marubuci ya barranta daga duk haƙorin da ya zube ta wannan hanya, haka ma turmin da ya tsage. Allah Ya jiƙan magabatanmu da suka koma gare Shi da haƙoransu cikakku, Ya haskaka kaburburansu. Kai kuma mai karatu, Allah Ya tsare maka na bakinka, Ya buɗa wa surukinka wata sana'ar. Amin.