Boga Latif da Direban Katin Sauti

Duk Zongon Kumasi babu wanda Allah ya ba murya irin ta Alhaji Latif, kuma babu wanda ya san haka kamar shi. Dillalin tsofaffin firji ne da talabijin. Ana kiransa Boga, kamar yadda ake kiran wanda ya dawo daga Turai, domin ya taɓa zuwa Jamus jana'izar surukinsa, ya dawo da kwat mai kauri da har yau yake sawa a tsakar rana. Mutum ne mai kyauta: in ka yi masa sallama, sai ya ba ka jawabi. A taron suna ya taɓa karɓar makirufo don ya yi addu'a, bai mayar ba sai da shinkafar ta huce, mai jego ta yi barci a zaune.

Da zaɓen ciyaman na ƙungiyar masu sayar da kayan lantarki ya matso, Boga ya sanar cewa ba zai tsaya yana ɗaga murya kamar mai tallan ƙosai ba. Zai naɗi jawabinsa a kwamfuta, a saka wa jama'a, shi yana zaune.

Sai dai sautin da kwamfutar ta zo da shi bai yi masa ba. Ya ce na talakawa ne. Ya tafi kasuwar Adum ya sayi katin sauti na daban, irin wanda ake buɗe cikin kwamfuta a soka. Mai shagon ya gaya masa cewa katin ba zai yi aiki ba sai an sa masa direba, kuma direban da ya dace da tsarin kwamfutar, ya nuna masa faifan da ke cikin kwalin katin. Yana shirin bayyana cewa direba 'yar manhaja ce da ke haɗa katin da na'urar, Boga ya ɗaga masa hannu.

"Masa," in ji shi, wato maigida a bakin 'yan Kumasi, "ni za ka koya wa direba? Ina da direba tun kana rarrafe."

Gaskiya ya faɗa. Yana da Sumaila, wanda ke tuƙa masa mota kafin motar ta kwanta a garejin Suame, kaji suka fara ƙwai a cikinta. Faifan kuwa Boga ya ga yana ƙyalli, ya ɗora kofin shayinsa a kai.

Washegari aka kira Sumaila, aka ajiye masa kujera gaban kwamfuta. Sumaila bai yi gardama ba, don akwai fanka a shagon, ga waakye, shinkafa da wake, da rana. Ya yi bisimilla, ya riƙe linzamin kwamfutar kamar giyar mota, ya tambaya ina za a je. Boga ya gyara kwat, ya kama makirufo, ya fara daga kakansa da ya zo da shanu daga arewa. Ya bi ta Jamus, ya tsaya a can ya daɗe. Ya yi wa ƙungiya alkawarin ofis mai bene da motar ɗaukar gawa. Da ya zo kan marayu ya yi kuka, da ya ga kukan bai fita da kyau ba ya sake.

A fuskar kwamfutar kuwa layin da ya kamata ya riƙa rawa yana kwance samɓal. Sumaila ya ce shi dai a mota in allura ta kwanta haka, babu mai.

"Muryar mai gaskiya ce," in ji Boga. "Ba ta karkacewa."

Da aka kunna don a ji, ko tari bai fito ba. Boga ya ce ƙananan sifiku ba sa iya ɗaukar murya irin tasa, sai manya. Ya ɗan yi tunanin ko katin na Ingila ne, yana son direban da ya iya tuƙin hagu. Ya sa Sumaila ya koma ɗaya gefen teburin, hankalinsa ya kwanta.

Ranar zaɓe aka kafa rumfa, aka jera kujerun roba, aka ɗauko sifiku masu tsayin mutum. Abokin takararsa ya yi magana 'yar kaɗan ya zauna. Da aka kira Boga, jama'a suka gyara zama irin na masu jiran allura. Ya harɗe ƙafa, ya yi wa Sumaila alama da haɓa, Sumaila ya danna.

Shiru. Boga ya ji shirun kamar kowa, amma ya riga ya haddace jawabin, kuma tashi ya duba wayar sifiku a gaban mutane ba aikin babba ba ne. Sai ya lumshe ido yana gyaɗa kai. Da ya lissafa an kai Jamus ya ɗaga yatsa. Da aka kai marayu ya zaro hankici.

Iska na kaɗawa, ana jin wata akuya can bayan masallaci. Wani tsoho ya ce rabonsa da hutu irin wannan a taron ƙungiya tun kafin Boga ya shiga. Da Boga ya buɗe ido ya miƙe, tafi ya ɓarke, tafi na tsakani da Allah.

Hajiya Mubarika, shugabar mata, ta tashi ta ce mata sun ba shi ƙuri'arsu, da sharaɗi ɗaya: daga yau duk jawabin ciyaman ta wannan kwamfutar zai riƙa fitowa, kuma kada a bar kowa ya taɓa ta da sunan gyara. Maza suka amince kafin ta rufe baki.

Haka Boga Latif ya zama ciyaman. Har gobe in ya tare mutum a hanya, yakan tuna masa da jawabin nan, ya ce a je a tambaya: cikin duk waɗanda suka halarta, babu wanda ya iya musa masa ko kalma ɗaya.