Rasuwar Kofur, Jirgin Hanyar Gidan Waya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da haushin da na tsufa da ɓoye shi, ni Abednego Kumai, makanikin jiragen soja mai ritaya, ina sanar da 'yan'uwa cikin Ubangiji, da maƙwabtanmu Musulmi, da dukan mutanen Kafanchan da kewaye, rasuwar Kofur, jirgin koyon tuƙi mai kujera biyu. Ya kwanta dama ranar Talatar da ta wuce da hantsi, a hannun kwamitin da aka naɗa domin ya kula da shi.

Marigayin ya yi shekara ashirin da shida yana aiki a sansanin da na yi hidima. Yaran da suka fara koyon tashi a cikinsa, wasunsu yau manyan hafsoshi ne, shi kuwa ko igiya ɗaya ba a taɓa ƙara masa ba, shi ya sa muka sa masa suna Kofur. Bai taɓa kashe ɗalibi ba. Sau biyu injinsa ya ɗauke a sama, sau biyun kuma ya sauko da 'ya'yan mutane lafiya, ɗaya ma a tsakiyar gonar dawa.

Da aka sallame shi, mu bakwai 'yan kudancin Kaduna da muka yi aiki da shi muka yi shekara uku muna zirga-zirga da takardu kafin a ba mu shi. A kan tirela ya zo, fukafukansa a kwance kusa da shi. Da hannunmu muka haɗa shi a wani fili da ke hanyar Gidan Waya, muka yi masa rumfar kwano, muka gina ɗaki guda inda muka jera hotunan sansanin, da hulunan matuƙa, da littafin da aka rubuta kowace tashi da ya yi. Abin da muke kira gidan tarihi ke nan. Ɗaliban kwaleji sukan zo, malaman firamare sukan kawo yara tun daga Kwoi. Duk ranar tunawa da 'yan mazan jiya nakan tayar masa da inji. Sai ya yi tari sau uku, kuf, kuf, kuf, sannan ya saki murya, garrrr, har 'yan acaɓa su tsaya a bakin titi.

Ciwonsa ya fara ne bayan da biyar cikinmu suka rasu, na shida ya makance. Aka ce aikin ya yi wa tsoho ɗaya yawa, sai aka kafa kwamiti ƙarƙashin Honarabul Christopher, mutumin da ya ɗinka wa kansa hular matuƙi tun kafin ya san inda ake zuba wa jirgi mai. Damina ta fari iska ta yaye rabin rumfar. Kwamiti ya zauna sau huɗu, ya ci shinkafa sau huɗu, ya kafa ƙaramin kwamiti na duba kwano. Ruwa ya yi ta zuba a kujerar matuƙi. Da rani na zo na tarar an shanya cittar shugaban kwamiti a kan fukafukai biyun, an cika cikin jirgin da buhuna. Na yi magana, aka rubuta a takardar taro cewa Baba Kumai ya cika faɗa.

A makon da ya wuce na tafi Fadan Kagoma jana'izar ƙanwata. Ina can kwamiti ya yanke cewa filin ya fi dacewa da ɗakin taron biki. Na dawo na sami 'yan gwangwan da zartonsu, sun riga sun raba Kofur gida uku. Shugaba yana tsaye a inuwa, da hularsa.

"Baba, ka yi haƙuri," in ji shi. "Wannan ƙarfe ya gama aikinsa. Jama'a suna son cigaba."

Na tambaye shi ko ya taɓa buɗe littafin marigayin.

"Wane littafi?" ya ce.

Marigayin ya bar farfela guda. Ita ma da ta tafi, ba don matata Emilia ba, wadda ta ji labari tana kasuwa, ta hau acaɓa da kwandonta, ta zo ta zauna a kanta. Da masu zarto suka matso, sai ta ce musu, "Sai dai ku yanka ni tare da shi. Mijina ya fi daɗewa da wannan abu a kan ni." Ba su yanka ba. Marigayin ya kuma bar kujera ɗaya da tsatsa ta ci, da hotuna talatin da biyu, da littafinsa, da abokina Kaleb makaho, wanda har yanzu ban iya faɗa masa ba. Ya bar manyan hafsoshi da dama, waɗanda na rubuta wa wasiƙu lokacin jinya. Ina fata suna cikin ƙoshin lafiya.

Za a yi sujadar ban kwana ranar Asabar da ƙarfe goma na safe a filin, kusa da tulin bulon da aka riga aka sauke. Fasto ya ce ba a yi wa ƙarfe addu'a, amma zai zo ya yi wa kwamiti. Ba za a raba abinci ba, saboda haka ba ma sa ran ganin 'yan kwamitin.

Gawa ba za ta halarta ba. An tabbatar mini cewa tana bayan kasuwar Kafanchan, wurin masu narkar da dalma. Saboda haka ina roƙon duk macen da ta sayi sabuwar tukunya a wannan mako ta taho da ita, mu jera su a gaba, in sara musu.